Bindigogi sama da 55 cikin shekara guda: yadda Amurka ke tantance mai saye da abin da take sani game da yawan sayensa

A daren 1 ga Oktoban 2017, wani mutum mai suna Stephen Paddock ya fasa tagogin masaukinsa a hawa na 32 na otal ɗin Mandalay Bay da ke Las Vegas, ya yi ta ɓarin wuta kan dubban jama'ar da suka taru a wani filin kiɗa da waƙa da ke ƙasa. Mutum 58 ne suka rasu a harin, ɗaruruwa suka jikkata, daga baya kuma aka ƙara mutum biyu da raunukan da suka samu suka zama ajalinsu. Da masu bincike suka bi sawun makamansa, sai suka gano cewa tsakanin Oktoban 2016 da ƙarshen Satumban 2017 ya sayi bindigogi sama da 55, akasarinsu dogaye, kuma masu shagunan da suka yi magana da manema labarai sun ce an yi masa binciken da doka ta tanada kuma ba a same shi da matsala ba. Tambayar da ta taso a bakin kowa ita ce ta yaya mutum ɗaya zai tara makamai masu yawan haka cikin wata 12 ba tare da wata hukuma ta ankara ba. Amsar tana cikin yadda aka gina dokar kanta, domin jami'an hukumar ATF, wadda ke kula da harkar makamai a matakin tarayya, sun bayyana a lokacin cewa babu abin da ya wajabta a sanar da su sayen dogayen bindigogin nan.

Abubuwa biyu ne mutane kan cakuɗa idan ana wannan magana, alhali kowanne da aikinsa. Na farko shi ne binciken tarihin mai saye, wanda ake yi kafin bindiga ta bar shago, kuma tambayarsa guda ce: shin wannan mutumin yana cikin waɗanda doka ta haramta wa riƙe makami? Na biyu shi ne rahoton sayen bindigogi fiye da ɗaya, wanda dillali ke aikawa bayan an gama ciniki. Binciken yana iya hana saye amma ba ruwansa da adadi, rahoton kuwa yana lura da adadi amma ba ya hana komai. Dokar tarayyar Amurka ba ta sanya iyaka ga yawan bindigogin da mutum zai iya saya a rana ɗaya ko a wata ɗaya ba.

Tushen tsarin yana cikin dokar taƙaita bindigogi ta 1968, wadda majalisar dokoki ta zartar a shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy. Ita ce ta tilasta wa duk mai sana'ar sayar da bindiga ya mallaki lasisin tarayya ya kuma riƙa ajiye bayanan ciniki, ta kuma zayyana rukunin mutanen da ba a sayar wa. Sai dai shekara da shekaru dillali ya dogara ne da abin da mai saye ya rubuta da hannunsa. Canjin ya zo da dokar Brady, wadda aka raɗa wa sunan James Brady, kakakin shugaba Ronald Reagan da harsashi ya naƙasa a yunƙurin kashe shugaban a Maris ɗin 1981. Bill Clinton ya sa mata hannu a Nuwamban 1993, kuma a Nuwamban 1998 aka ƙaddamar da tsarin binciken gaggawa da ake kira NICS, wanda hukumar FBI ke gudanarwa daga garin Clarksburg a jihar Bajiniya ta Yamma.

Abin da ke faruwa a gaban kanta mai sauƙin fahimta ne. Mai saye zai nuna katin shaida mai hoto, ya cike fom mai lamba 4473, inda zai rubuta suna da adireshi da ranar haihuwa, ya kuma amsa jerin tambayoyi da i ko a'a: ko an taɓa yanke masa hukunci kan laifin da ɗaurinsa ke wuce shekara guda, ko yana gudun shari'a, ko yana ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, ko kotu ta taɓa tura shi asibitin masu taɓin hankali, ko an same shi da laifin cin zarafin iyali, ko yana zaune a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. Dole ya kai shekara 21 idan ƙaramar bindiga yake so, ko 18 idan doguwa ce. Dillali zai tura bayanan ta waya ko ta intanet, wasu jihohin kuma 'yan sandansu ne ke tsayawa a tsakani su yi binciken, sannan amsa ta dawo, galibi cikin 'yan mintuna: a ci gaba, a dakata, ko an hana. Idan aka ce a dakata, kuma ranakun aiki uku suka wuce ba a yanke hukunci ba, dokar tarayya ta ba dillali damar miƙa bindigar idan ya ga dama.

Ga inda batun yawa ya shigo. Fom ɗin 4473 yana da gurbin rubuta bindiga fiye da ɗaya, kuma bincike guda ya wadatar ga duk abin da aka saya a ciniki guda, ko biyu ne ko goma. Ma'aikacin da ke duba sunan a Clarksburg ana gaya masa nau'in makamin ne, ƙarama ce ko doguwa ko dukkansu, amma ba a gaya masa lambar da ke jikin bindiga ko samfurinta, kuma yawan abin da aka saya ba ya canza amsar da zai bayar. Wannan ne ma ya sa alƙaluman binciken da FBI ke fitarwa kowane wata ba sa daidai da adadin bindigogin da aka sayar, ko da yake 'yan jarida kan yi amfani da su a matsayin ma'auni. Haka kuma, idan amsar ta zama a ci gaba, doka ta wajabta a goge bayanan mai sayen daga rumbun NICS cikin sa'a 24. Wato mutumin da ya saya yau ya koma gobe, tsarin zai karɓe shi tamkar bai taɓa ganinsa ba. Paddock ba shi da tarihin laifin da zai hana shi, saboda haka ko sau ɗari ya je amsar ɗaya ce.

Binciken yana da nasa giɓin ko da bindiga guda ce. Wanda ya kashe mutum tara a wata majami'ar baƙar fata a Charleston ta jihar Karolina ta Kudu a Yunin 2015 ya samu bindigarsa ne bayan kwana ukun nan sun cika ba a kammala duba takardun kamunsa ba, kuma shugaban FBI na lokacin, James Comey, ya fito ya amsa cewa bai kamata a sayar masa ba. Wanda ya kashe mutum 26 a wata majami'a a Sutherland Springs ta jihar Tekzas a 2017 ya tsallake ne saboda rundunar sojin sama ba ta shigar da hukuncin da aka yanke masa cikin rumbun ba. Sannan ciniki tsakanin mutum da mutum, wanda ba dillali a ciki, dokar tarayya ba ta buƙatar a yi masa bincike, sai dai a jihohin da suka kafa tasu dokar.

Rahoton sayen da yawa ya girmi binciken. ATF ta fara neman sa da ƙa'idar hukuma a 1975, majalisa kuma ta shigar da shi cikin doka a 1986. Sharaɗinsa shi ne: idan dillali ya sayar wa mutum ɗaya wanda ba shi da lasisi ƙananan bindigogi biyu ko fiye, fistol ko libarba, a lokaci guda ko cikin ranakun aiki biyar a jere, to lallai ne ya cike fom mai lamba 3310.4 ya aika kafin ya rufe shago a ranar. Kwafi ɗaya yana zuwa cibiyar bin sawun makamai ta ATF a garin Martinsburg na Bajiniya ta Yamma, ɗaya yana zuwa ga 'yan sandan jiha ko shugaban 'yan sandan yankin, ɗaya kuma dillali ya ajiye. A cikinsa akwai sunan mai saye da adireshinsa da lambar kowace bindiga. Ba a neman izinin mai saye, ba a kuma jinkirta masa, yakan fita da kayansa takardar ta bi bayansa.

An ware ƙananan bindigogi ne saboda su ne suka fi yawa a laifukan da ake aikatawa da bindiga a Amurka, suna da sauƙin ɓoyewa da sauƙin sayarwa a bayan fage. Amfanin rahoton kuwa ya fi bayyana idan aka tsinci makami a wurin da aka yi laifi. A al'ada, jami'in da ke bin sawu sai ya tuntuɓi kamfanin da ya ƙera, kamfanin ya faɗi babban dilan da ya ba, shi kuma ya faɗi shagon, mai shagon ya tono fom ɗin 4473 daga ma'ajiyarsa, abin da kan ɗauki kwanaki. Idan lambar bindigar tana cikin rahoton sayen da yawa, nan take sunan mai sayen farko zai fito, tare da lambobin sauran da ya saya a ranar. Idan kuma aka ga mutum ya sayi fistol shida iri ɗaya masu arha, bayan wata biyu ɗaya ta bayyana a hannun wani a wani gari mai nisa, masu bincike sun samu bakin zaren. Sai dai ƙidayar ta shago ɗaya ce, domin dillali abin da ya sayar da kansa kaɗai ya sani, kuma babu rumbun da ke haɗa masa cinikin sauran shaguna.

Abin da ake farauta da wannan rahoton shi ne sayen aike, wato mai tsabtataccen tarihi ya shiga shago ya cike fom da sunansa alhali kuɗin da bindigar duk na wani ne. Fom ɗin 4473 yana tambaya ƙarara ko mai cikewa shi ne ainihin mai saye, kuma yin ƙarya a nan babban laifi ne. Kotun ƙoli ta tabbatar da haka a 2014 a shari'ar Abramski, wani tsohon ɗan sanda a Bajiniya da ya saya wa kawunsa fistol ɗin Glock da kuɗin kawun. Alƙalai biyar cikin tara suka ce ya karya doka duk da cewa kawun da kansa yana da ikon mallakar bindiga. Kyauta ta gaskiya, wadda mutum ya saya da kuɗinsa ya ba wani, ba ta shiga ciki. A Yunin 2022 ne majalisa ta mai da sayen aike da safarar bindigogi laifuka masu zaman kansu, da ɗaurin da ya kai shekara 15, ko 25 idan an san za a yi ta'addanci ko fataucin ƙwaya ko wani babban laifi da makamin.

Dogayen bindigogi sun shigo lissafin ne ta ƙofar Meziko. A can mallakar bindiga ta halal abu ne mai wuyar gaske, sojoji ne ke riƙe da cinikinta, don haka ƙungiyoyin masu fataucin ƙwaya suka mai da shagunan ƙetaren iyaka kasuwarsu, suna tura 'yan aike su sayo musu samfurin AK da AR. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka ya ba da rahoton cewa kusan kashi 70 cikin 100 na bindigogin da aka kama a Meziko aka kuma miƙa don bin sawu tsakanin 2009 da 2014 daga Amurka suka fito. A 2011 ATF ta umarci dillalan jihohi huɗu na kan iyaka, Arizona da Kalifoniya da Niyu Meziko da Tekzas, su riƙa kawo rahoton duk wanda ya sayi dogayen bindigogi biyu ko fiye cikin ranakun aiki biyar, matuƙar bindigar tana ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, faɗin bakinta ya wuce inci 0.22, kuma ana iya cire mata gidan harsashi a sa wani. Umarnin ya fito a mummunan lokaci ga hukumar, domin a daidai lokacin ne asirin wani shirinta ya tonu, inda jami'anta a birnin Phoenix na Arizona suka bar 'yan aike suka kwashi bindigogi kusan 2,000 da nufin bin su har ga manyan, suka kuma ɓace musu, har aka tsinci biyu a wurin da aka kashe jami'in tsaron iyaka Brian Terry a Disamban 2010. Ƙungiyar masu sana'ar bindiga ta kai ƙara, kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya suka ba ATF gaskiya a 2013 da 2014. Jihar Nevada, inda Las Vegas take, ba ta cikin jihohin huɗun, haka ma sauran jihohi 45.

Ko a inda ake aika rahoton, ya kamata a tambayi wa ke karanta shi. Matashin da ya kashe yara 19 da malamai biyu a makarantar firamare ta Uvalde a Tekzas ranar 24 ga Mayun 2022 ya mallaki dogayen bindigogi biyu ta hannun wani shago a garin cikin 'yan kwanaki da cikarsa shekara 18. Kwamitin majalisar jihar da ya binciki lamarin ya rubuta cewa an kai rahoton sayen ga ATF, amma da yake doka ta ce ƙananan bindigogi kaɗai ake sanar da 'yan sandan yanki, labarin ya tsaya a hannun tarayya. Ba zan ce da shugaban 'yan sandan yankin ya ga takardar da ya hana abin da ya faru ba, domin yaron bai karya doka ba a ranar da ya saya. Amma mutanen da suka fi kusa da sanin halinsa ba su ji ba, waɗanda suka ji kuma ba su san shi ba, kuma takardar da ba ta isa hannun mai iya yin wani abu a kan lokaci ba ihu ce bayan hari. Dokar 2022 ta tsawaita binciken 'yan ƙasa da shekara 21 har zuwa ranakun aiki goma idan an ga alamar matsala, ta kuma sa a tuntuɓi 'yan sandan garinsu, amma ba ta taɓa batun yawan saye ba.

Ya kamata a fahimci cewa waɗannan giɓin da gangan aka bar su. Miliyoyin Amurkawa suna ɗaukar riƙe makami a matsayin haƙƙin da gyara na biyu na kundin tsarin mulki ya ba su, kuma babban abin da suke tsoro shi ne gwamnati ta mallaki rajistar wa ke da me, don suna ganin rajista ita ce matakin farko na ƙwacewa. Dokar 1986 ɗin da ta tabbatar da rahoton sayen da yawa ita ce kuma ta haramta kafa irin wannan rajista. Shi ya sa 'yan sandan yanki dole su lalata kwafinsu cikin kwana 20 idan mai sayen ba haramtacce ba ne, ATF kuma takan cire sunansa bayan shekara biyu idan ba a alaƙanta bindigar da wani bincike ba, sannan tulin takardun shagunan da suka rufe da ke jibge a Martinsburg ba a yarda a adana su ta yadda za a nemi mutum da sunansa ba. Hujjar masu wannan ra'ayi tana da nauyi: mai tara tsofaffin bindigogi don sha'awa, da maharbi, da magidancin da ya sayi biyu don kansa da matarsa, duk sunansu yana zuwa wurin hukuma alhali ba su yi laifin komai ba, kuma mafi yawan masu sayen da yawa irinsu ne.

Wasu jihohi sun zaɓi su ƙayyade adadin kai tsaye da dokar bindiga ɗaya a wata. Karolina ta Kudu ta fara a 1975 ta soke a 2004. Bajiniya ta kafa tata a 1993 ƙarƙashin gwamna Douglas Wilder, lokacin da jihar ta yi ƙaurin suna a matsayin mashigar bindigogin da ake kwasa ta babbar hanyar I-95 zuwa Niyu Yok da sauran biranen arewa maso gabas, ta soke ta a 2012, ta dawo da ita a 2020. Maryland da Niyu Jasi suna da irinta. Dokar tana cutar da mai safara, wanda ribarsa ke cikin yawa, fiye da mai niyyar kisa da hannunsa: wanda ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech da ke Bajiniya a 2007 ya jira wata ya cika tsakanin fistol ɗinsa na farko da na biyu. Makomarta ma yanzu tana rawa, domin tun hukuncin kotun ƙoli na 2022 da ya ce dole kowace dokar bindiga ta samu makamanciya a tarihin ƙasar, an ƙalubalanci irin waɗannan dokoki, kuma a Yunin 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da rushe ta Kalifoniya.

A ganina, tunda ƙayyade adadi na fuskantar wannan cikas a kotu, abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne a daidaita rahoton. Babu wani dalili mai gamsarwa da zai sa fistol biyu a Nevada su jawo takarda, amma bindigogi goma masu kama da na soja su fita daga shago ɗaya shiru. Rahoton ba ya hana kowa saye, ba ya ƙara wa mai gaskiya ko minti ɗaya a kanta, kuma sharaɗin lalata takardu ya riga ya amsa tsoron rajista. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa shi ga dogayen bindigogin nan a duk jihohi, kwafinsa kuma ya riƙa zuwa ga 'yan sandan yanki kamar na ƙananan.

Mai karatu a nan yankin kada ya ɗauka abin ya tsaya a bakin iyakar Meziko, domin kwantenar da ke kawo tsofaffin motoci da kayan gida ita ma hanya ce. A 2022 wata kotun tarayya a Maryland ta samu mutum uku da laifin yunƙurin fitar da bindigogi da harsasai a kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Baltimore zuwa Najeriya, da nufin kai su ga 'yan awaren Kamaru, kuma an goge lambobin da yawa daga cikin bindigogin don kada a bi sawunsu. A 2024 kuma aka samu wani manjo na sojan Amurka da laifin safarar makamai zuwa Gana. Masu gabatar da ƙara sun nuna cewa tsakanin 28 ga Yuni da 2 ga Yulin 2021 ya sayi bindigogi bakwai a Karolina ta Arewa, ya sa wani ƙaramin soja a Kentucky ya saya masa uku ya aiko masa, sannan ya binne su duka cikin shuɗayen ganguna ƙarƙashin shinkafa da kayan gida, ya loda su a jirgin ruwa daga Baltimore. Jami'an hukumar tara kuɗin shiga ta Gana ne suka gano makaman bayan gangunan sun isa tashar Tema, su ne kuma suka sanar da hukumomin Amurka.